Saura Mutum Ɗaya: Wa Ya Cancanci Gurbin Ƙarshe a Ƙungiyar Kwando?

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Agbalépédo da ke Lome ya san kiran da 'yan kamasho ke yi idan lodi ya kusa cika: saura mutum ɗaya! Motar Sokode ce ko ta Kara ko ta Dapaong, fasinjoji sun gaji da zama, direba ya tayar da inji, sai ga mutum biyu sun iso a tare, kowa da jakarsa. A tasha abin bai da wuya. Wanda ya riga miƙa kuɗi shi zai shiga, ɗayan ya koma inuwa ya jira mota ta gaba. A ƙungiyar ƙwallon kwando ta ƙwararru ma akwai irin wannan kujera, wato gurbi na ƙarshe a jerin sunayen da za a miƙa wa hukumar gasa kafin a fara kaka. Sai dai a nan motar gaba sai baɗi, wani kuwa ba ta sake tsaya masa har ya bar wasa.

Na ga ya dace a yi wannan magana da Hausa ne saboda kwando ya shigo zango. Yaran da a da ba su san komai ba sai ƙwallon ƙafa, yau suna raba dare wajen kallon gasar NBA a waya, suna bin gasar BAL ta Afirka, kuma a cikinsu akwai dogayen da duk wanda ya gani sai ya ce wannan ai ɗan kwando ne. Lome kanta ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka ta 'yan uku-uku a 2017 da 2018. Wasu daga cikin yaran nan za su je gwaji, a nan Lome ko a Kwatano ko Yamai ko Kano, kuma da wuya a sami wanda zai shiga ƙungiya a matsayin tauraro tun ranar farko. Ta gurbin ƙarshe ake farawa. Ya kamata su da iyayensu su san yadda ake yanke wannan hukunci, masu yankewa kuma su san abin da ke wuyansu.

Mu fara da lissafi, don shi ne tushen komai. A dokar hukumar kwando ta duniya, FIBA, ƙungiya tana zuwa wasa da mutum 12, biyar ne a fili, wasa kuwa minti 40 ne. Ke nan minti 200 koci yake da su ya raba. Idan manyan biyar ɗinsa kowa ya buga minti 30, an cinye 150. Sauran 50 ɗin mutum uku ko huɗu ne za su raba, waɗanda ke fara tashi daga benci. Na goma sha ɗaya da na goma sha biyu sau da yawa ba sa ma cire rigar sama har a tashi, sai fa idan an yi nisa da maki ko an sha kashi ƙwarai. A NBA ƙungiya tana riƙe mutum 15 a cikakken kwantiragi, tana iya tara har 21 a sansanin horo kafin kaka, sannan ta zubar da ragowar a watan Oktoba. Wasansu minti 48 ne, amma labarin ɗaya ne: na ƙarshe ba ya ganin fili.

To idan ba zai buga ba, mene ne aikinsa? Nan ne yawancin masu kallo suke kuskure, suna tsammanin koci zai jera sauran yaran ne ya ɗauki wanda ya fi su iya wasa. Aikin ɗan gurbin ƙarshe yana cikin atisaye. Ba a yin atisayen biyar da biyar sai da mutum goma masu lafiya, kuma a tsakiyar kaka kullum akwai mai targaɗe, da mai zazzaɓi, da babban da ake lallaɓa gwiwarsa. Shi ne ake ce wa, yau kai ne wane na ƙungiyar da za mu haɗu da ita, ka yi irin wasansa. Shi ne zai manne wa tauraron ƙungiya ya hana shi sakewa, har tauraron ya fusata. Sannan akwai ranar da ba a shirya mata ba: mai raba ƙwallo ya yi ƙeta ta biyar an fitar da shi, mataimakinsa ya gurɗe, saura minti huɗu, koci ya waiwayo ya kira sunan da bai kira ba tun makonni uku. Abin da ake buƙata a wannan lokaci shi ne yaron da zai shiga da sanyin jikinsa bai zubar da ƙwallo ba, ya san inda zai tsaya, bai bar nasa mutumin ya wuce shi ba. Babu mai neman ya ci maki ashirin.

Galibi takarar takan tsaya ne tsakanin iri biyu. Akwai ɗanye: shekara 18, tsawo ya kai mita biyu ko fiye, hannaye kamar gora, tsalle kamar barewa, amma bai daɗe da fara wasan ba, bai san lokacin da zai taimaka wa ɗan'uwansa a tsaro ba, ƙafafunsa suna harɗewa. Akwai kuma nunanne: shekara 22 ko 23, tsawonsa na kowa da kowa, ya buga ɗaruruwan wasanni, ba ya kuskuren wauta, sai dai kowa yana ganin ya kusa kai iyakarsa. Masu goyon bayan ɗanyen sukan ce ana koyar da jifa, ana koyar da tsaro, amma babu kocin da ke koyar da tsawo. Masu goyon bayan nunannen kuwa sai su ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Duka biyun suna da gaskiyarsu, kuma akwai mutum guda da ya gwada hanyoyin biyu a gaban idon duniya, wanda ya tashi a ƙasar Hausa.

Masai Ujiri a Zariya ya girma, a can ya fara kwando yana matashi, ƙarƙashin kulawar kocin nan ɗan Amurka da ya daɗe a garin, Oliver Johnson. Bai yi suna a matsayin ɗan wasa ba. Da ido ya yi suna, wato gano yaran da wasu ba su gani ba. A 2013 ya karɓi ragamar ƙungiyar Toronto Raptors ta Kanada. A 2014, a zaɓen sababbin 'yan wasa da NBA ke yi duk shekara, ya yi amfani da lamba ta 20 ya ɗauki wani yaro ɗan Brazil mai shekara 18, Bruno Caboclo, wanda ko masu sharhin wasan da yawa ba su san shi ba. Dogo ne, hannayensa sun wuce misali, ɗanye shataf. Matsalar da ta biyo baya ita ce ba shi da inda zai buga. Babbar ƙungiyar tana neman nasara, ba ta da mintunan da za ta ba mai koyo, kuma a lokacin ba ta da ƙaramar ƙungiya tata ta kanta. Aka riƙa tura shi wata ƙaramar ƙungiya a garin Fort Wayne, wadda ƙungiyoyi da yawa ke tarayya a kanta, can ma bai sami fili sosai ba, don ba yaronsu ba ne. Shekara guda ta wuce a benci. A 2015 Toronto ta kafa tata ƙaramar ƙungiyar, Raptors 905, amma Caboclo bai taɓa zama abin da aka yi fata a Toronto ba, a 2018 aka miƙa shi ga Sacramento. Daga baya ya nuna, ya ci kofin ƙasar Jamus da ƙungiyar Ulm a 2023, ya buga wa Brazil a gasar Olamfik ta Faris a 2024. Idon Masai bai yi ƙarya ba. Itacen ne ya yi 'ya'ya a gonar wani, bayan shekara tara.

Yanzu mu dubi Oktoban 2016. Toronto tana da mutum 14 masu tabbataccen kwantiragi, saura gurbi ɗaya, matasa shida suna nemansa. A cikinsu akwai Brady Heslip, ɗan Kanada, wato ɗan gida, gwanin jifa mai maki uku. Akwai Yanick Moreira ɗan Angola, mai tsawon fiye da mita biyu. Akwai kuma wani gajere a ma'aunin NBA, Fred VanVleet, mai shekara 22, wanda ya yi shekara huɗu yana raba ƙwallo a jami'ar Wichita State, aka kira sunaye 60 a zaɓen shekarar babu nasa. Da tsawo ake dubawa da Moreira ne, da farin jinin 'yan kallo ne da Heslip. Amma ƙungiyar tana da dogaye isassu, ga Jonas Valanciunas, ga Jakob Poeltl da ta ɗauka a lamba ta 9 a shekarar. Inda take da rami shi ne wajen masu raba ƙwallo, domin na ukunsu, Delon Wright, ya goce a kafaɗa an yi masa aiki. Aka ɗauki VanVleet, aka sallami sauran.

Kakar farko wasanni 37 ya shiga, kusan minti takwas a kowanne, maki bai kai uku ba. Amma yanzu akwai Raptors 905, ana tura shi can ya buga cikakken wasa ya dawo, shi da Pascal Siakam ɗan Kamaru wanda aka ɗauka a lamba ta 27 a shekarar, kuma tare suka ci kofin ƙaramar gasar a 2017. Ranar 13 ga Yuni, 2019, a wasan da Toronto ta doke Golden State da ci 114 da 110 ta ɗauki kofin NBA karo na farko a tarihinta, VanVleet ya ci maki 22, goma sha biyu daga ciki a zangon ƙarshe. A 2022 aka zaɓe shi cikin taurarin gasar. A 2023 Houston ta ba shi kwantiragin shekara uku na kusan dala miliyan 130. Moreira kuwa bai ɓace ba, ya ci gaba da sana'arsa, daga baya ya koma gida ya buga wa Petro de Luanda a gasar BAL.

Mutane suna son ba da labarin VanVleet a matsayin labarin haƙuri da dagewa, kuma haka ne. Amma ni abin da na fi ɗauka a cikinsa na masu zaɓen ne. Sun tambayi kansu inda rigarsu ta yage kafin su zaɓi ƙyallen da za su yi faci. Sannan labarin Caboclo ya riga ya koya musu cewa ɗanyen yaro ba ya nuna a benci. Abincinsa mintuna ne, kuskure a gaban alƙalin wasa da 'yan kallo, a gyara masa, gobe ya sake. Gurbin ƙarshe kuwa shi ne wurin da mintuna suka fi ƙaranci a duk ƙungiya. Wanda ya sa ɗanyen yaro a can don kada wata ƙungiya ta ɗauke shi, ya ajiye shi ne kamar hatsin da aka hana shuka don tsoron tsuntsu.

Amurkawa sun gane haka, shi ya sa suka gina matakala a ƙarƙashin gurbin. Tun 2017 suka fito da wani kwantiragi na jeka-ka-dawo tsakanin babbar ƙungiya da ƙaramarta a gasar G League. Da mutum biyu ne, daga 2023 aka mai da su uku, kuma albashinsu rabin mafi ƙarancin albashin sabon ɗan wasa ne, wanda shi kansa ya haura dala miliyan ɗaya. Akwai kwantiragin kwana goma da ake fara bayarwa a watan Janairu. Akwai kuma ranar 10 ga Janairu, wadda duk wanda ya kai ta yana cikin ƙungiya albashinsa na kakar ya tabbata, saboda haka kwanakin da ke gabanta kwanakin fargaba ne ga 'yan ƙarshen benci. Ta wannan matakala Gabe Vincent, wanda 'yan Najeriya suka fi sani da Nnamdi, ya hau: ba a zaɓe shi ba a 2018, ya buga a G League, Miami ta ba shi jeka-ka-dawo a 2020, ya ci maki 21 a daren da Najeriya ta doke Amurka da ci 90 da 87 a Las Vegas a Yulin 2021, kuma a 2023 yana cikin biyar ɗin farko na Miami a wasan ƙarshe na NBA. A can, wanda aka sallama ya faɗo ne a kan tabarma. A nan yankinmu, sau da yawa a kan siminti yake faɗowa.

Gasar BAL, wadda NBA da FIBA suka haɗa hannu suka kafa, ta fara ne a Kigali a watan Mayun 2021 da ƙungiyoyi 12, kuma tun ranar farko ta ci karo da wannan tambaya. Ƙungiyar Patriots ta Ruwanda ta ba da ɗaya daga cikin guraben baƙinta ga mawaƙin nan na Amurka, J. Cole, mai shekara 36. A wasan buɗe gasa da Rivers Hoopers ta Fatakwal ya ci maki uku, a wasanni ukun da ya buga gaba ɗaya maki biyar, sannan ya koma gida. Terrell Stoglin na ƙungiyar AS Salé ta Maroko, wanda ya ci maki 40 a wasa guda a wannan gasa, ya fito fili ya ce an ƙwace aikin wani da ya cancanta. Masu kare matakin suka ce zuwan mawaƙin ya jawo idon miliyoyin mutane kan sabuwar gasa da ba a san ta ba, kuma wannan ido kuɗi ne da kowa zai amfana. Ban musa cewa an kalli gasar saboda shi ba. Amma a kakar farkon baƙi huɗu kawai aka yarje wa kowace ƙungiya, biyu kacal daga wajen Afirka, kuma akwai wanda ya yi shekaru yana zufa don irin wannan gurbi. Ina tare da Stoglin. Idan ana son talla a sa mawaƙi ya yi waƙa a hutun rabin lokaci.

Abin da BAL ta yi a shekara ta biyu ya fi burge ni. Daga 2022 ta fito da shirin Elevate, inda ake ba kowace ƙungiya yaro guda daga makarantar NBA Academy Africa da ke Saly a Senegal. Maimakon a bar koci ya zaɓa tsakanin ɗanye da nunanne, sai aka keɓe wa ɗanyen nasa wurin. Ta nan Khaman Maluach, ɗan Sudan ta Kudu da ya tashi a Uganda, ya buga wa Cobra Sport yana da shekara 15, sannan AS Douanes ta Dakar, sannan City Oilers ta Kampala, ya wuce jami'ar Duke, aka ɗauke shi a lamba ta 10 a zaɓen NBA na 2025. Ulrich Chomche ɗan Kamaru ma ta nan ya bi, aka kira sunansa a lamba ta 57 a 2024, ya tafi Toronto da kwantiragin jeka-ka-dawo. Abin lura shi ne yaran nan ba su dogara da bencin BAL kaɗai ba. Suna da makarantarsu, da kocinsu, da wasanninsu na duk shekara, BAL ɗin gwaji ne a tsakanin manya.

Mu dawo gida. A shiyya ta uku ta FIBA a Afirka, wadda ta haɗa Togo da Najeriya da Nijar da Benin da Ghana da Burkina Faso da Kwaddebuwa da Laberiya, ƙungiyoyin da ke biyan albashin da mutum zai rayu a kai ba su da yawa. Mafi yawansu na gwamnatin jiha ne, ko na kwastan, ko na 'yan sanda, ko na wani kamfani kamar Nigelec ta Yamai. Kano Pillars ta sha ɗaukar kofin Najeriya, har ta zo ta uku a gasar zakarun Afirka a Alƙahira a 2016, amma rikicin shugabancin hukumar kwando ta Najeriya da ya ɓarke a 2017 ya hargitsa gasar cikin gida shekaru da dama, kuma yaran da ke ƙasan jeri su suka fi ji a jikinsu, don babba yana iya fita waje, ƙarami ba shi da inda za shi. A irin wannan yanayi gurbin ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga yaro: shi ne ɗan alawus, da takalmi, da abincin sansani, da tafiya wata ƙasa inda wani zai iya ganinsa.

Kuma a nan ne wasu abubuwa ke shigowa waɗanda ba su da alaƙa da fili. Na farko alfarma. Tunda an san na goma sha biyu ba zai buga ba, sai a ga ai ba komai idan aka ba ɗan wane, ko ƙanen mai ɗaukar nauyin ƙungiya. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Amma da komai. 'Yan wasa sun fi kowa sanin wanda ya iya da wanda bai iya ba, suna tare da shi kullum a atisaye. Ranar da suka ga an sallami yaron da ke wahalar da su an bar wanda ba ya iya tare kowa, daga ranar maganar koci ta rage nauyi a kunnensu, atisaye ya yi sanyi, ƙungiya ta fara zuwa wasa ba ta ji wuta a gida ba. Na biyu rage shekaru. Idan mai shekara 24 ya zo da takardar 18, duk lissafin ɗanye da nunanne ya rushe, domin koci zai ɗauka yana da sauran girma a gaba alhali ya gama, yaron gaskiya kuma a ga kamar shi ne rago. Cin amana ne, kuma wanda ake cuta ƙanenmu ne.

Na uku ya shafi 'yan zango kai tsaye, wato takardu. Yaron da aka haifa a Lome, kakansa ya zo daga Kano ko Maraɗi ko Sakkwato da fataucin goro ko shanu, yana jin Hausa da Mina da Faransanci, amma idan ba shi da takardar haihuwa da ta shaidar zama ɗan ƙasa, a idon hukumar gasa ana iya lissafa shi cikin baƙi. Guraben baƙi kaɗan ne, kuma babu ƙungiyar da za ta kashe ɗaya a kan mai koyo. A matakin ƙungiyar ƙasa ma, ƙa'idar FIBA ita ce wanda ya sami shaidar zama ɗan ƙasa bayan ya cika shekara 16 ana ɗaukarsa a matsayin wanda aka ba ƙasa, kuma irinsa ɗaya tak ake yarda da shi cikin goma sha biyu. Yara biyu za su yi kunnen doki a fili, sakataren ƙungiya ya raba gardamar da fayil. Iyaye, wannan aikinku ne, kuma tun yaro yana firamare ake yinsa.

Akwai maganin alfarma da aka gwada kuma ya yi aiki, wato buɗaɗɗen gwaji. Da aka naɗa Rena Wakama kocin ƙungiyar mata ta Najeriya a 2023, an kira gwaji a Chicago da Legas da Abuja. Wasu tsofaffin 'yan wasa ba su ji daɗi ba. Ƙungiyar da ta fito daga ciki ta ci kofin Afirka a Kigali a shekarar, a 2024 kuma ta zama ƙungiyar kwando ta farko daga Afirka, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a Olamfik. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Wannan kuma tunatarwa ce cewa duk abin da nake faɗa ya shafi 'yan matanmu masu sha'awar wasan, ba samari kaɗai ba.

Ga yaron da ke shirin gwaji, abin da ke hannunka ya fi yadda kake zato. Kuskuren da aka fi yi shi ne yaro ya shiga yana son ya nuna shi ne gwani, duk ƙwallon da ya zo hannunsa sai ya jefa. Ƙungiya tana da masu jifanta, ta biya su. Koci yana kallon abin da kake yi lokacin da ƙwallo ba ya hannunka: ko kana komawa baya da gudu idan an ƙwace, ko kana magana a tsaro, ko kana tare mutuminka da jiki kafin ka yi tsallen cafke ƙwallon da ya dawo daga kwando, ko an nuna maka tsari sau ɗaya ka riƙe. Yana kallon jifanka na kyauta bayan an yi maka ƙeta, domin shi ne jifan da babu mai tare ka, babu uzuri. Yana kallon fuskarka idan aka cire ka, da lokacin da ka iso fili. Kada kuma wani ya tsorata ka cewa salla ko azumi za su rage maka daraja. Hakeem Olajuwon yana azumin Ramadan aka ba shi gwarzon watan Fabrairun 1995 a NBA, a shekarar kuma ya sake ɗaukar kofi da Houston. Ka dai sanar da koci tun da wuri, ka cika aikinka.

Hukuncina a kan tambayar shi ne wannan. A ƙungiyar da ba ta da ƙaramar ƙungiya, kuma haka yawancin namu suke, gurbin ƙarshe na nunanne ne: wanda ya iya tsaro, ya dace da ramin da ƙungiya ke da shi, zai iya zama wata guda bai buga ba kuma ya shiga a shirye. Dogon ɗanyen yaro a ba da aronsa ga ƙungiyar da ke ƙasa, inda zai buga minti 25 duk mako, a ci gaba da gayyatarsa atisaye, a sa masa ido. Idan mutum biyu suka yi daidai a komai, a ɗauki ƙaramin, kuma a ɗauki ɗan gida. Wuri guda ne zan sauya ra'ayi, wato ƙungiyar da ta san bana ba ta neman kofi, tana sabon gini ne. Ita kam ta ɗauki ɗanyen, amma da sharaɗin za ta ba shi fili da gaske, ko da hakan zai jawo mata shan kashi.

Saura wanda aka bari a tasha. Na sha ganin yaro ya yi makonni yana atisaye da ƙungiya, yana biyan kuɗin zemijan, wato acaba, daga aljihun mahaifiyarsa, sai ranar ƙarshe ya ji labari a bakin abokansa, ko ya duba jerin da aka liƙa bai ga sunansa ba, a lokacin kuma sauran ƙungiyoyi sun rufe rajista. Wannan zalunci ne, kuma gyaransa ba ya cin ko dala. Malam koci, ka kira shi ka zaunar da shi, ka faɗa masa da bakinka, ka gaya masa abu biyu da zai gyara. Ka yi haka tun da sauran lokacin da zai nemi wani wuri, ka sa a ba shi takardar sallamarsa ba tare da ja-in-ja ba, idan da hali ka ɗaga waya ka yi masa magana da wani kocin. Hukumomin kwando na Togo da Nijar da Najeriya kuma su duba abin da BAL ta yi a 2022, su keɓe gurbi guda a kowace ƙungiya ga ɗan ƙasa da shekara 20 wanda aka tantance shekarunsa, su kuma tsayar da gasar matasa mai gudana duk shekara, don yaron da bai sami shiga bana ba ya sami filin da zai buga kafin baɗi.